Ku ƙirga mana mata alƙalai a ƙananan kotuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina rubuto muku daga Maraɗi a kan bayanin da kuka kawo na matan da suka hau kujerar manyan kotuna. Jikata ce ta karanta mini a waya, don idona ya daina jure ƙananan baƙaƙe. Na ji Sandra Day O'Connor ta Amurka a 1981, na ji Brenda Hale ta Ingila, na kuma ji daɗi da aka ambaci Aloma Mariam Mukhtar, wadda ta shiga Kotun Ƙolin Najeriya a 2005, ta zama Alƙalin Alƙalai a 2012. Na yi ta jiran a iso Yamai, sai yarinya ta ce mini: "Hajiya, ai ya ƙare."

To bari in cike muku. Mu nan Nijar muna da Salifou Fatimata Bazeye. Ita ke shugabancin Kotun Tsarin Mulki a 2009, lokacin da guguwar tazarce ta taso. A ƙarshen watan Mayu kotun ta shaida wa Shugaba Tandja Mamadou cewa zaɓen raba gardamar da yake nema ya saɓa wa tsarin mulki. Ranar 12 ga Yuni ta soke dokar kiran zaɓen, ranar 29 ga wata shi kuma ya rushe kotun ɗungurungum. Ina tune da yadda muka kasa kunne a rediyo kwanakin nan, maza a majalisarsu suna cewa ashe a Yamai akwai wadda ba ta tsoro. Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010 ita aka nemo ta jagoranci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, wadda ta tabbatar da sakamakon zaɓen 2011. Daga baya Abdoulaye Diori Kadidiatou Ly ta karɓi shugabancin kotun a 2013, ita da ta fara da aikin ungozoma kafin ta koma karatun shari'a. Maƙwabtanmu na Benin ma sun riga mu, Elisabeth Pognon ta shugabanci tasu kotun tun 1993.

Amma ba don a tafa wa waɗannan na sa aka riƙe mini alƙalami ba. Na yi shekaru ina sakatariya a jastis, wato kotu, ina buga takardun hukunci da tafireta tun ana sa kabon, har kwamfuta ta zo ta same ni. Mutumin karkara bai san Kotun Tsarin Mulki ba, kotun da ya sani ita ce ta saki da gado da iyakar gona da rabon ƴaƴa. A irin wannan shari'a alƙali yana zama da mataimaka masana al'ada da addini, su ba shi shawara. Alƙali ya yi karatunsa da Faransanci, sau da yawa ma ba ɗan yankin ba ne, sai an sa tafinta. A zamanin da na yi aiki, mace in ta shigo za ta tarar da alƙali namiji, mataimaka maza, tafinta namiji, ga mijinta ga ƙanen ubanta a gefe. Ni kaɗai ce mace, ni kuwa ba a ba ni bakin magana ba.

Akwai wata yarinya daga wani ƙauye bayan Madarunfa da har yau nake ganin fuskarta. Ta zo neman a raba aurenta. Aka tambaye ta ko ba ya ciyar da ita, ta ce yana ciyarwa. Ko yana dukanta, ta ce a'a. To me ya faru? Ta rufe fuska da gyale ta ce babu komi. Alƙalin mutumin kirki ne, ya juya tambayar ta kowace fuska, ƙarshe ya ce a je gida a sasanta, don babu abin da zai rubuta. Da na fito cin abinci na same ta gindin dogon yaro tana kuka. Cikin ɗan lokaci ta faɗa mini lalurar da ta same ta tun haihuwar fari, da abin da ke gudana a ɗaki, maganar da ko a gaban uwarta sai ta sunkuyar da kai. Na ce mu koma ciki ta faɗa, ta ce gara ta mutu. Ba ta sake dawowa ba.

Na san abin da wasu malamanmu za su ce, kuma ban raina shi ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, sharaɗin alƙali ya zama namiji. Sai dai Abu Hanifa ya yarda mace ta yi hukunci a abin da ba haddi ba ne ko ƙisasi, Imam Ɗabari kuma ya sake mata gaba ɗaya. Maroko ƙasar Malikiyya ce, tana naɗa mata alƙalai tun shekarun 1960. A gargajiyarmu ma, matan Katsinan Maraɗi suna da Iya, na Gobir a Tibiri suna da Inna, kuma wurinsu ake kai kukan da ba a kaiwa gaban fadawa. Ko Faransar da muka gaji tsarin kotu daga gare ta, sai a 1946 ta buɗe wa mata aikin alƙalanci, sai a 1984 Simone Rozès ta shugabanci babbar kotunta.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne lakwal, wato makarantar boko. Kafin yarinya ta zama alƙali sai ta ci jarrabawar birebe ta ƙarshen kolej, ta ci ta bak ta ƙarshen lise, ta yi shekaru a jami'a, ta ci gasar shiga aikin, a kuma horar da ita. A Nijar kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, jiharmu kuwa tana cikin na gaba a wannan lissafi. Ajinmu na firamare mu biyu kaɗai muka wuce kolej cikin ƴan mata, ni ma don mahaifina ma'aikacin gwamnati ne ya toshe kunne da maganar dangi. Jikar nan tawa tana ajin ƙarshe na lise, shari'a take so ta karanta, kawunta kuma ya fara zancen wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano. Na ce masa sai dai bayan raina.

Roƙona, Malam Edita, ku turo wakilinku ya zaga kotunan Maraɗi da Tasawa da Dakwaro da Gidan Runji da Mayahi da Agye, ya ƙirga mana mata nawa ne ke zaune a kujerar alƙali, nawa ne cikin mataimaka, nawa ne tafintoci. In ya iso Maraɗi ya neme ni, zan nuna masa ranakun da aka fi cika da shari'ar aure.

Wassalam.

Tsohuwar sakatariyar kotu,
Unguwar Zariya, Maraɗi