Rigimar da muka kwana muna yi kan Daenerys

Assalamu alaikum aminina,

Ya kake ya karatu, ya sanyin garin naku? Da fatan kana lafiya. Mu nan alhamdulillahi, su Hajiya ma lafiya lau, jiya na biya gidanku na gaishe ta tace in faɗa maka ka riƙa kira, ta gaji da saƙon murya.

To bari in ba ka labarin abin da ya sa na zauna rubutun nan. Ka tuna Game of Thrones da muka kalla tare a ɗakinka a 2019, lokacin da muke jiran mai tura fim ya samo mana kashi ɗaya ɗaya? To ƙanina ne sai yanzu ya gama kallonsa, duk kashi 73 ɗin ya haɗiye su a wata ɗaya, shekaranjiya da daddare ya zo majalisa ransa a ɓace yana cewa wai Emilia Clarke, wadda ta fito a matsayin Daenerys, ita ce ta ɓata ƙarshen fim ɗin, wai ba ta iya aktin ba, fuskarta a sandare kamar an dasa ta. Wallahi kafin ya rufe baki majalisa ta rabu biyu, har mai shayi ya bar tukunya ya shigo ciki.

Ni kam ka san matsayata tun can, kuma har yau ban sauka ba. Yarinyar nan ta yi iya yinta, rubutun ne ya ci amanarta. Nace masa ya ɗauko wayar ya koma kashi na 5 na zango na 8, daidai inda ake kaɗa ƙararrawa garin King's Landing ya miƙa wuya, tana zaune a kan dodonta Drogon. Muka taru a kan waya ɗaya muna kallo. Ba ta ce uffan ba a wajen nan, amma dubi yadda numfashinta ke hawa da sauka, leɓenta na rawa, idonta ya ciko ya kafe a kan fadar da aka kori gidansu daga ciki. Mutum ya nuna maka baƙin ciki da fushi da kaɗaici a lokaci ɗaya ba tare da kalma ba, sannan ace bai iya ba? Haba.

Sai wani abokinmu ya ce to ai shi matsalarsa ba ya ganin dalilin da zai sa matar da ta shekara da shekaru tana 'yanta bayi ta wayi gari tana ƙona yara da mata. Nace wannan gaskiya ne, amma tambayar David Benioff da D. B. Weiss za ka yi, su suka rubuta. Kashi 6 kacal suka ba zangon ƙarshe, a ciki aka kashe amintaccenta Jorah, aka harbo dodonta Rhaegal, aka sare kan aminiyarta Missandei a gabanta, duk a jere babu ko sararin da mai kallo zai ga yadda zuciyarta ke juyawa a hankali. Abin da ya kamata a dafa shi zango guda aka sauke shi ɗanye. Kuma littafin George Martin da suke bi ya ƙare musu tun tuni, na ƙarshe da ya fitar 2011 ne. Shi ya sa mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a intanet suna neman a sake zangon, ai da marubutan suke.

Wajen da ya fi taɓa ni shi ne kashin ƙarshe, inda ta tsaya a saman matakala toka na zuba tana yi wa rundunarta jawabi da yaren Dothraki da Valyrian, yarukan da ƙirƙirarsu aka yi, ba na uwar kowa ba ne, amma ta riƙe su kamar da su ta tashi, tsigar jikina har yanzu tana tashi. Daga nan kuma ta shiga ɗakin karaga ta taɓa kujerar, fuskarta ta koma ta ƙaramar yarinya mai murna, tana roƙon masoyinta Jon su yi mulki tare kafin ya soka mata wuƙa. In akwai wanda na ga ya yi sanyi a wajen nan to Kit Harington ne, wanda ya fito a Jon, shi ma ɗin me aka ba shi ya faɗa in ba "ke ce sarauniyata" ba.

Na kuma tuna musu cewa Emilia Clarke ɗin nan sau biyu jijiyar jini tana ba ta matsala a ƙwaƙwalwa, 2011 da 2013, aka yi mata aiki ta dawo ta ci gaba, sai a 2019 ta faɗa wa duniya. Peter Dinklage, wanda ya fito a Tyrion, ya ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin a shekarar, ya cancanta, amma ni har ga Allah na so ita ma ta samu.

Ƙanin nawa dai bai sauka gaba ɗaya ba, ya ce zai sake kallo. Kai ma don Allah in ka samu sarari ka sake duba wajen ƙararrawar nan ka turo min ra'ayinka, don na ce musu kai ne za ka raba mana gardamar. Ka gaida mutanen ɗakinku.

Naka amini,
daga Kano