Mota ta kwana a sama

Garwa, daren Lahadi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da yara, da kuma fama da ruwan Gabon da ba ya ɗaukewa. Mu nan sai godiya. Inna tana gaishe ka, ta ce tun bikin ƙanwarka ba ta ji muryarka ba. Kai ka san yadda za ku ƙare da ita, ni dai na isar da saƙo.

Ka tambaye ni ko na yi abin nan da na ishe ka da zancensa. To, na yi. Injin ɗaga mota, wanda makanikai a nan ke kira pon, yana tsaye a garejin gidana na Yelwa, mai ƙafa biyu, mai ɗaukar tan 4. Amma dakata da barka tukuna, sai ka ji yadda na sha.

Dalili kam ba sai na faɗa maka ba. Shekara nawa muka yi a ramin maigidanmu, da damina mu kwashe ruwa da bokiti kafin mu shiga, baƙin mai na ɗiga mana a ido? Na san ba ka manta ranar da jak ya zame Peugeot 504 ta zauna ba, tsohuwar tayar da ka cusa a ƙarƙashi ce ta ceci ƙafata. Yanzu gwiwa ta fara ƙi, bayan ma ya bi sahu. Ga gyaran motocin abokan arziki da nake taɓawa a gida ranakun hutu ya fara yawa.

Daga Duwala kayan suka hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, sannan babbar mota ta gangaro da su, tafiyar kusan kilomita 280. Sun iso lafiya. A zatona kwana biyu sun isa a kafa. Sai da ƙarafan nan suka yi wata ɗaya da rabi a kwance a tsakar gida, kaji na hawa suna sauka.

Daɓen garejin ne ya tona mini asiri. Ka san na sayi gidan ne da gininsa, kuma daɓen sumul yake, ko tsaga babu. Muka auna, muka yi alama, na ɗora injin huda. Ban gama gyara tsayuwa ba na ji bakin ƙarfen ya faɗa, ya fito da jan yashi. Na zura waya na auna: santimita 6, ba rodi ko ɗaya. Takardar injin kuwa ƙarara ta ce kada kankare ya gaza santimita 20. Wani magini da na kira ya dubi ramin, ya ce, “Alhaji, ka sa dogayen noti kawai, ai ƙarfe ne zai riƙe.” Na sallame shi da kuɗin babur. Ka duba fa, irin wannan injin ba abin da ke riƙe da shi sai notin da ke cikin ƙasa. Nauyin mota yana kan hannuwan injin, hannuwan na jan ƙafafun su rusuna ciki, notin baya kuma ana fizgar su sama kamar ana cire haƙori. In kankaren ɓawon ƙwai ne, me dogon noti zai kama? Yashi?

Haka muka fasa daɓen, muka haƙa, muka daddaɓe ƙasa, muka shimfiɗa ragar rodi. Siminti na Figil, yashin Binuwai mai kaushi, tsakuwa wankakkiya, ni da kaina na tsaya a kan kwaɓin don kada a tsuga ruwa. Daga nan sai jira. Kwana 28 kankare ke so kafin ya yi ƙarfin da ake lissafi da shi, mu kuwa a watan Maris muka zuba, lokacin da zafin Garwa ke haura 40. A irin wannan rana, in ka bar shi ya bushe da wuri, sama ta ƙone, ciki bai nuna ba. Na rufe shi da buhunan algarara, safe, azahar da magariba ina yayyafa ruwa. Uwargida ta ce ko shukar tumatirinta ba ta taɓa ganin gata irin wannan ba.

Rufin ma bai tsira ba. Hilux ɗina tsayinta wajen mita 1.8 ne, in an ɗaga ta yadda mutum zai tsaya a ƙasa an ƙara wani kamar haka, kwanon kuwa mita 3 yake. Muka yaye shi, muka ƙara layi huɗu na bulo.

Kafawar kanta yini ɗaya ce. Mu biyar muka tayar da ƙafafun, muka daidaita su da ma'aunin ruwa, muka ɗaure noti, muka ja wayoyin ƙarfe biyun nan da ke sa hannuwan su tashi tare, muka zuba mai. Na zaɓi mai aiki da wutar gida, mai ƙarfin volt 220, don jawo layin 380 wata shari'a ce daban.

Da la'asar na shigar da Hilux. Na sa hannuwan a ƙarƙashin shasi, na ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, na kama bamba na girgiza da ƙarfina. Ko gezau. Na ci gaba da danna maɓalli, makullan tsaro na ƙara ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ta kai, na sauke ta a kan makulli, don ba a shiga ƙarƙashin mota tana rataye a kan mai kaɗai. Na shiga na tsaya a miƙe. Aminina, shekara talatin ina kallon cikin mota a kwance ko a tsugune. Na ɗaga kai ga salansa, ga giyabos, ga wani yoyon mai da na yi wata uku ina nema, a fili kamar tafin hannu. Yara suka zagaye ni suna ihu, na kore su, na kuma kafa doka: wanda ya taɓa maɓallin nan, ni da shi.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ina shirin sauke ta aka ɗauke wuta. Ka san halin bazara a nan, in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, rabon wuta ake yi. Saukowa ba ta bukatar lantarki, nauyin motar ne ke kawo ta ƙasa, amma kafin makulli ya saki dole a ɗan ɗaga ta sama, wannan kuwa sai da wuta. Na tayar da ƙaramin janaretana, na danna, ya yi gurnani ya mutu. Injin ɗaga motar kilowat 2.2 ne, amma lokacin tashi yana zuƙar ninkin haka. Da asuba ina da ɗaurin aure a Gidar. A motar haya na tafi, da babbar riga, ƙafata a kan buhun albasa, tawa motar tana lilo a sama. Har yau maƙwabta in sun gan ni sai su ce, “Alhaji, yau an sauko?”

Yanzu ina neman janareta mai ƙarfi. Kai kuma in za ka zo Babbar Sallah, ka taho mini da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, don notin ƙasan suna so a riƙa duba su, wadda nake amfani da ita kuma aro ce, mai ita ya fara yi mini gaisuwa sau biyu a rana. Ka zo da motarka ma, mu ga abin da kake ɓoyewa a ƙarƙashinta.

A gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
abokin raminka.