Malam, In Ajiye Tuƙi Ko In Ƙara Haƙuri?

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka na gidan rediyo. Daga Daura nake rubuto maka, kuma yawanci a tasha nake sauraron shirinka, ina zaune a mota ina jiran lodi ya cika. Don Allah a sakaya sunana.

An haife ni a 1979, shekarar da Shagari ya hau mulki, ka ga yanzu ina da shekara 46. Direban haya ne ni. Da yaron mota na fara, ina ɗan shekara 15, har Allah ya sa na kama sitiyari, daga baya na mallaki tawa ta hanyar adashi. Daura zuwa Katsina nake yi, ran Lahadi kuma in juya Mai'adua saboda kasuwa. Matata ɗaya, 'ya'ya bakwai, ga Inna mahaifiyata a hannuna, ga marayun ƙanena guda uku.

Abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne daren cika-ciki na wannan shekara ta 1447. Uwargida ta dafa wutsiyar ragon layyar da ta adana, yara sun zagaye akushi ana ta hayaniya, ni kuwa abincin ya ƙi wuce mini. Akwai taubashina, sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo. Duk Muharram sai ya yi sallama a zaurena da sassafe, ya ce bai tashi sai na ba shi kuɗin shara. Bara bayan Babbar Sallah hawan jini ya kayar da shi a shagonsa, kwana biyu Allah ya karɓi abinsa. Bana na ware kuɗin na sa a aljihun gaba kamar kullum, sai da rana ta take na tuna babu mai zuwa karɓa.

Tun daga ranar nake lissafin kaina. Ina yaro na kai Yasin a allo, sai Baba ya rasu, na bar karatu na bi mota don a samu na tuwo. Allon yana nan, Inna ta rataye shi a ɗakinta, tawadar ta dushe amma ana gane rubutun. A azumin da ya wuce na ji wani malami yana fassara ayar nan ta 15 a Suratul Ahƙaf, inda mutum yake kai shekara arba'in ya roƙi Allah ya kimsa masa godiya, ya ba shi ikon aiki nagari, ya shirya masa zuriyarsa. Malam, da hannuna na rubuta ayar nan na wanke, ban san abin da take faɗa ba. Sai da na wuce arba'in ɗin da shekara shida sannan na ji ma'anarta. Kowace sabuwar shekara ina ƙudurta cewa zan koma gaban alaramma bayan isha'i, in yi sati biyu ko uku, sai gajiyar hanya ta ci ƙarfina.

Sana'ar ma ba kamar da ba. Da aka rufe iyaka a 2019 muka rasa fasinjojin Kwangwalam da 'yan Damagaram, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar a 2023. A shekarar kuma aka cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta taɓa 1,000. Yau in ka cire kuɗin mai da na kamasho da na bakanike, abin da ya rage da ƙyar yake isa cefane.

Ga kuma wani abu da ban gaya wa kowa ba, ko matata. Idona ya fara rauni. Da magariba in fitilar wata mota ta haske ni, sai hanya ta ɓace mini na ɗan lokaci. Watan jiya, gab da Mashi, saura ƙiris in hau kan amalanken shanu, da yaro ƙarami zaune a kai yana riƙe da igiya. Na taka birki har fasinja suka yi salati. Da na sauke su na koma bayan tasha na zauna, hannuna bai daina rawa ba har aka kira isha'i.

Niyyar da ke raina ita ce in sayar da motar bayan kaka, in fanshi gonar Baba da ke hannun jingina, in sayi shanun huɗa da taki, in riƙa noma gero da wake da ɗan riɗi, dare kuma ya zama na karatu har in sauke. Da na ɗan taɓa wa uwargida zancen sai ta ce gona sau ɗaya take bayarwa a shekara, mota kuwa kullum, ga auren babbar 'yarmu ya matso ba mu haɗa kayan ɗaki ba. Ban ga laifinta ba, ita ke ganin tukunya. Yayana ya ce in ba wani yaro motar ya riƙa kawo balas, to amma na ga yadda motocin abokaina suka ƙare a gareji ta wannan hanya.

Malam, ka duba mini. Mai nauyin mutum goma sha biyu a wuyansa, ya dace ya saki abin da ke kawo na yau saboda abin da zuciyarsa ke nema, ko kuwa son kai ne? In na ci gaba da ɗaukar rayukan mutane da idon nan, alhakin wani ya hau kaina, me zan ce wa Allah? Ta yaya zan buɗe wa matata maganar idon ba tare da na ɗaga mata hankali ba? Sannan ka gaya mini yadda mai furfura a gemu yake riƙe karatu ya ɗore, don na gaji da niyyar da ba ta kaiwa watan Safar.

Ina sauraron amsarka. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naka,
Wani direba daga Daura