Amsa ga ƙanena da ya ce me ya haɗa Badamagare da tarago

Ƙanena salamu alaikum. Ranar Lahadi ka kira a shirin rediyo ka ce, "Mushe, mu da ko layin dogo babu a Damagaram, me ya haɗa ka da tsohon taragon Faransa, wanda ma aka ce jabu ne?" Lokaci ya ƙare ban amsa ba, to ga ta a rubuce.

Gaskiyarka, jirgi bai taɓa shigowa Zinder ba, iyayenmu sai sun je Kano ko Nguru suke hawansa. Amma zancen jabu bari ka ji yadda aka yi.

Taragon lambarsa 2419D, an ƙera shi a 1914, na cin abincin fasinja ne, daga baya aka maida shi ofis ɗin Mareshal Foch, Bafaranshen da ke jagorantar sojojin ƙawance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Cikinsa Jamusawa suka sa hannun tsagaita wutar yaƙin da asubahin 11 ga Nuwamba 1918 a dajin Compiègne da ke arewacin Faransa. To a 1921 sai aka kai shi Paris aka girke a tsakar gidan Invalides, inda gidan tarihin soja yake, wai don girmamawa, ba rumfa ba komi, ruwa ya dake shi rana ta dake shi, kuma fa jikinsa katako ne, shekara shida yana nan yana lalacewa a gaban idon kowa, sai da wani attajirin Amurka Arthur Fleming ya zuba kuɗinsa aka gina wa taragon ɗaki a dajin, aka maida shi can a 1927.

Sai Hitler ya zo a Yaƙin Duniya na Biyu, ya sa aka fasa bango aka jawo shi waje, ranar 22 ga Yuni 1940 Faransa ta sa hannun miƙa wuya a cikinsa, ramuwar gayya kenan. Aka tafi da shi Jamus, wuta ta cinye shi a 1945. Wanda ake gani yanzu ɗan'uwansa ne, ƙirarsu ɗaya, lamba 2439D, a 1950 aka kawo shi aka liƙa masa lambar mamacin. Ba su ɓoye ba, shi ya sa ni ban kiransa jabu, magaji nake ce masa.

Ni wallahi ba Hitler ne ya tsaya min a rai ba, shekara shidan nan ne na tsakar gida. Kowa na zuwa ya kalla ya yaba, amma ba a rufa shi ba. Ka tuna Satumba 2024 da ruwan sama ya kada tsohon masallacinmu na Birni, duk muka fito da waya muna ɗaukar bidiyo? Shi ba shi da wani ɗan'uwa da za a kawo a liƙa wa lamba. Ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara kafin damina, da gyaran indararo, kakanninmu sun san haka.

Asabar zan kai ƴan ajina Birni mu ɗauki hoton gidaje masu zane da suka rage, mu rubuta waɗanda suka tsage. In kana gari ka same mu ƙofar fada ƙarfe takwas.

Yayanka, malamin tarihi, Zinder