A ba tseren keke gurbi a shafin wasanni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto wannan wasiƙa ne domin in roƙi jaridarku ta keɓe wa tseren keke na kan hanya wani gurbi a shafin wasanni, wanda ƙwallon ƙafa ta mamaye baki ɗaya. Dalilina shi ne, a cikin dukkan wasannin da na sani babu wanda ya dogara ga alƙalamin ɗan jarida kamar wannan, domin a ɗakin buga jarida aka haife shi, kuma da rubutu ya girma.

Gasar Tour de France, wadda ita ce mafi girma a duniya, jaridar L'Auto ce ta ƙirƙiro ta a shekarar 1903 ƙarƙashin editanta Henri Desgrange, da nufin ƙara yawan masu sayen jaridar. Maurice Garin ne ya lashe ta a karon farko, bayan zango shida da suka haura kilomita 2,400 a kan hanyoyin da galibinsu ba su da kwalta. Haka ma gasar Italiya ta Giro, jaridar La Gazzetta dello Sport ce ta kafa ta a 1909, kuma rigar ruwan hoda da jagoran gasar yake sakawa ta ɗauko launinta ne daga takardar da ake buga jaridar a kai. Abin da ya sa haka a fili yake: mai kallon ƙwallo yana ganin wasa daga farko har ƙarshe, amma mutumin da ya tsaya a bakin hanya yana ganin ayarin masu tsere ne na 'yan daƙiƙu kawai kafin su ɓace masa, sai washegari ya sayi jarida ya karanta abin da ya faru a kan duwatsun da idonsa bai kai ba.

Saboda haka ne manyan marubuta suka shiga harkar. Albert Londres ya bi gasar Faransa a 1924, inda ya bayyana wa masu karatu irin azabar da 'yan tsere suke sha, shi kuma Dino Buzzati ya bi gasar Italiya a 1949 ya rubuta labarin hamayyar 'yan tseren Italiya Fausto Coppi da Gino Bartali, wadda ta raba kan 'yan ƙasar gida biyu. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Eugène Christophe a gasar Faransa ta 1913. Yana gangarowa daga dutsen Tourmalet sai ƙarfen gaban kekensa ya karye, kuma dokar wancan zamani ta hana ɗan tsere karɓar taimako daga kowa. Sai ya saɓa keken a kafaɗa, ya yi tafiyar kilomita da dama a ƙafa har ya isa maƙera a ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya gyara ƙarfen da hannunsa yayin da alƙalan gasa suke tsaye a kansa, sannan duk da haka aka ci shi tarar mintuna saboda wani yaro ya zuga masa wuta. Shi ne kuma mutum na farko da ya fara saka rigar ruwan ɗorawa ta jagoran gasar Faransa a 1919. Ina da yaƙinin cewa mai karatun da ya san maƙera da zugazugi zai ji wannan labari har cikin zuciyarsa, muddin aka ba shi da Hausa mai daɗi.

Akwai kuma hikimar da ke cikin wasan, wadda ba a gane ta sai an yi bayani. Wanda yake bin bayan wani yana fakewa daga iska, don haka yana kashe ƙarfi ƙasa da na gabansa sosai, kuma a kan wannan aka gina dukkan dabarun tseren. Kowace ƙungiya tana da 'yan hidima waɗanda aikinsu shi ne su tare wa jagoransu iska, su ɗauko masa ruwa, har su ba shi kekensu idan nasa ya lalace, alhali sun san sunansa ne kawai za a ambata ranar nasara. A ganina waɗannan mutane sun fi kowa cancantar a rubuta labarinsu.

Nahiyarmu ma tana da nata kaso. Burkina Faso tana gudanar da Tour du Faso tun 1987. Biniam Girmay na ƙasar Iritiriya ya lashe zango uku a gasar Faransa ta 2024, ya kuma tafi gida da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, sannan a watan Satumba na 2025 birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi baƙuncin gasar zakarun duniya ta tseren keke na kan hanya, karo na farko da aka yi ta a Afirka. 'Yar Najeriya Ese Ukpeseraye ta fafata a gasar Olamfik ta Paris a 2024, inda ta yi wasu daga cikin tserenta da keken da tawagar Jamus ta ara mata, labarin da ya kamata a ce masu karatun Hausa sun samu cikakken bayaninsa.

Roƙona bai wuce a sami shafi ɗaya a mako ba a lokacin manyan gasanni, wato watan Mayu na Italiya da watan Yuli na Faransa, da kuma lokacin gasannin Tour du Faso da Tour du Rwanda, a ba marubuci ɗaya dama ya bi su zango bayan zango, yana bayyana hanya da dabara da halin mutanen da ke kan keke.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Zariya