Wasiƙa daga Santambul: Famfon Jamusawa

Assalamu alaikum, abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Saƙonka ya iso, na kuma ji niyyar da kuka yi ta haƙa rijiyar burtsatse a unguwa, sadaka ga marigayiya Inna. Allah Ya jiƙan ta, Ya sa ta huta. Kun zaɓi abin da ya dace, domin lokacin da mahaifiyar Sa'adu bn Ubada ta rasu ya tambayi Manzon Allah (SAW) sadakar da ta fi, ruwa aka nuna masa.

Wannan magana taka ce ta sa nake son in ba ka labarin wani famfo da ke nan dandalin Sultan Ahmed, kusa da babban masallacin nan mai hasumiya shida. Turkawa suna ce masa Famfon Jamusawa. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ne ya ba da shi kyauta don tunawa da ziyarar da ya kawo wa Sultan Abdulhamid na Biyu a 1898. A can Jamus aka sassaƙa duwatsun, aka yi jigilarsu gunduwa-gunduwa, aka zo nan aka haɗa. An so a buɗe shi ranar 1 ga Satumba 1900, lokacin bikin shekara 25 na Sultan a kan gado, aiki bai kammala ba, sai aka kai shi 27 ga Janairu 1901, ranar haihuwar shi Wilhelm ɗin.

Ginin ba shi da girma sosai. Kusurwa takwas gare shi, da ginshiƙai takwas masu duhun kore suna ɗauke da ƙubba. A jikin gindinsa akwai kawunan famfo da kwamin marmara a ƙarƙashinsu, gefe ɗaya kuma matakala ce. Amma sai ka matsa ka ɗaga kai za ka ga inda aikin yake: cikin ƙubbar duk ƙananan duwatsu ne masu ruwan zinariya, an jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan an zagaye da tambari takwas. Na Sultan, wato sa-hannunsa mai lanƙwasa, yana kan kore. Na Sarkin Jamus, harafin W da kambi a samansa, yana kan shuɗi. Haka suke bi da bi har su zagayo. Na daɗe a wurin wuyana a ɗage, mai sayar da gasasshiyar masara yana ta kiran ciniki a bayana.

Kyautar dai ba don Allah kaɗai aka yi ta ba, kowa ya san haka. Jamus tana neman izinin shimfiɗa layin dogo zuwa Bagadaza, kuma ta samu. Abotar ta ci gaba har ƙasashen biyu suka shiga Yaƙin Duniya na Farko a ɓangare ɗaya, suka sha kaye tare. An sauke Abdulhamid a 1909, Wilhelm ya bar gado a 1918, sarautar Usmaniyya ta Turkawa ta ƙare a 1922. Famfon yana nan inda aka kafa shi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dalilin da ya sa baƙo ya zaɓi famfo, bai kawo gunkin kansa ba. Ya san garin da ya zo. Mutanen nan sun daɗe suna girmama mai shayarwa; tsofaffin unguwanni cike suke da famfunan sadaka da sarakuna da wazirai da matan fada suka gina, mafi shahara shi ne na Sultan Ahmed na Uku, na 1728, a ƙofar fadar Topkapi. Tamkar randar sadakar da ake girkewa a ƙofar gida a wajenmu ce, sai dai su da dutse suke yi. Kuma a al'adarsu akan haɗa da waƙafi, a ware kanti ko gona wanda kuɗinsa zai riƙa biyan mai gyara. Duk da haka na ga wasu a lunguna sun ƙafe, an cire kawunan, ciyawa ta fito a kwamin, abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai.

Shi ya sa nake roƙonka, kafin a kira masu haƙa, ku zauna da ƴan'uwa ku tsayar da wanda zai kula da rijiyar, da inda kuɗin gyaran inji zai riƙa fitowa. Ka san yadda burtsatsen unguwarmu ta baya ta tsaya shekara da shekaru saboda abin da bai taka kara ya karya ba. Idan hali ya yi, a sa mata sola, a kuma yi daɓe mai kyau da magudana don kada wurin ya zama taɓo. Ni ma ina so a sa hannuna a ciki. Ka faɗa mini abin da aka yanke, zan aiko da nawa ƙarshen wata, in sha Allahu.

Ka gaida Baba da kyau, ka ce ina neman addu'a. A shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
abokinka na Santambul