Amsa ga mai tambaya kan nauyin harsashin bindiga mai baki biyu

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Ka tambaye ni a bainar jama'a cewa ka samu bindiga .470 Nitro Express mai baki biyu (lambar tana nuna kaurin harsashinta), za ka farautar ɓauna, kana so ka san ko ka rage nauyin harsashi zuwa giren 400 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) saboda dukan da take wa kafaɗarka, ko kuwa ka ƙara ya haura 500 don ya fi ratsa ƙashi. To gaskiya ba kai ne za ka zaɓa ba, maƙerin bindigar ya riga ya zaɓa maka tun ranar da ya haɗa ta.

Ga dalili. Bututun nan biyu ba a miƙe suke kafaɗa da kafaɗa ba kamar yadda ido yake gani, an ɗan karkato bakinsu zuwa ga juna. Idan ka ja kunamar dama bindigar tana fara tashi sama tana kaucewa dama tun harsashin yana cikin bututu, na hagu shi ma ya yi nasa ɓangaren, to shi maƙeri sai ya yi ta harbawa yana narka dalma yana matsa ɗan ƙarfen da ke tsakaninsu yana sake liƙewa, har sai harbin biyu sun faɗa wuri ɗaya a tazara kamar yadi 50, kuma duk wannan wahalar da harsashi iri ɗaya tak ya yi ta, nauyi ɗaya gudu ɗaya. A .470 giren 500 ne, wato wajen giram 32, yana fita da gudun ƙafa 2,150 a sakan. A .450 ɗin da kamfanin ƙera bindigogi na Rigby ya fito da ita a 1898 giren 480 ne, a .500 kuwa 570. Ka sa mara nauyi mai saurin gudu zai bar bututun kafin ta gama kaucewa, sai ka ga na dama ya faɗa hagu na hagu ya faɗa dama, sun gitta. Ka sa mai nauyi mara saurin gudu kuma su ware, kowa ya kama gabansa. Seti ɗaya ne fa a kanta, ba za ka iya gyara shi ya yi wa bututu biyu daidai ba in sun saɓa.

Wannan a kan takardar gwaji ɗan inci kaɗan ne, amma ɓaunan da ya ji rauni ya taso maka a cikin ciyawa, harbi na biyun nan shi ne dalilin da ya sa ka ɗauki mai baki biyu tun farko.

Maganar ratsa ƙashi kuma kar ta dame ka, giren 500 a wannan kauri ya fi shekara 100 yana kwantar da giwa. Inda kake da zaɓi na gaske shi ne ƙirar harsashin. Mai taushin kai wanda ke buɗewa cikin nama shi ake so ga zaki da damisa da harbin farko a ɓauna, mai tauri wanda ba ya lanƙwasa kuma shi ne na giwa da bin sawun dabbar da ta ji ciwo. Da yawa suna sa mai taushi a dama mai tauri a hagu, sai dai ka gwada su tare ka tabbatar wuri ɗaya suke faɗawa, don nauyi ɗaya ba ya nufin gudu ɗaya. In bindigar tsohuwa ce mai siririn bututu, don Allah kar ka zura mata harsashin tagulla zalla sai maƙeri ya duba ya yarda.

Saura kafaɗa, kuma wannan ne ya fi damuna a tambayarka. Mutumin da ke tsoron dukan bindigarsa runtse ido yake yi kafin ta tashi, babu nauyin harsashin da zai gyara haka. In .470 ta fi ƙarfinka ka sauka zuwa .450/400, an yi mata seti da giren 400 tun asali, dukanta da sauƙi sosai kuma ta wadatar ga ɓauna. Ka dai bincika dokar ƙasar da za ka, wurare irin Tanzaniya ba sa yarda da abin da ya gaza .375 wajen farautar ɓauna. Sannan ka yi gwajinka a tsaye da bindigar a hannunka, kar ka ɗaure ta a benci, don in an hana ta motsi ba za ta nuna maka inda take harbi na gaskiya ba.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.

Naka ɗan'uwa a farauta